Abin da masu ƙaramin fim suka gane game da kuɗi, wanda masu zuba jari a sabbin kamfanoni suke ta tsallakewa

A 2006 wani bawan Allah mai suna Oren Peli, wanda aikinsa rubuta manhajar wasannin kwamfuta ne ba harkar fim ba, ya ɗauki kamara ya shirya fim a cikin gidansa a San Diego cikin kamar mako guda, da 'yan wasan da ba wanda ya san su, abin da ya kashe gaba ɗaya wajen dala dubu 15 ne. Paranormal Activity kenan. Da kamfanin fim na Paramount suka sake shi a sinima a 2009 sai da ya tara kusan dala miliyan 193 a duniya. A ɗaya gefen kuma ga Quibi, kamfanin da Jeffrey Katzenberg, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa DreamWorks, ya haɗa kai da Meg Whitman tsohuwar shugabar eBay suka kafa don su riƙa sayar wa mutane gajerun bidiyo a waya, sun tara dala biliyan 1.75 tun kafin mutum ɗaya ya biya su ko sisi, suka buɗe a watan Afrilun 2020, zuwa Oktoba na wannan shekarar sun sanar da cewa sun rufe.

Toh mafi yawan masu kawo irin waɗannan labaran guda biyu abin da suke so su ce shine ƙaramin kuɗi albarka ne babban kuɗi kuma masifa, ni kam ban yarda da wannan ba, kuma ina ganin yana cutar da matasa masu son kafa kamfani. Domin a bayan kowane Paranormal Activity akwai dubban fina-finai da aka yi da dala dubu 15 ko dubu 50 waɗanda daga mai su sai abokansa ne suka kalla, bikin fina-finai na Sundance kaɗai duk shekara dubban dogayen fina-finai ake tura masa, waɗanda yake ɗauka basu wuce ɗari da 'yan kai ba, a cikin waɗanda ya ɗauka ɗin ma ba kowanne ke samun mai saye ba. Rashin kuɗi baya sa fim ya yi kyau. Idan akwai darasi to ba a wajen wanda ya dace sau ɗaya yake ba, yana wajen wanda ya mayar da abin tsari har yake maimaita shi shekara da shekaru, shi yasa ni Jason Blum, mai shirya fina-finai da ya kafa kamfanin Blumhouse, nafi mayar da hankali a kai ba Peli ba.

Blum ya yi aiki a kamfanin fim na Miramax a sashen sayen fina-finai, kuma yana cikin waɗanda suka ga The Blair Witch Project a 1999 suka wuce basu saya ba, fim ɗin da daga baya ya tara kusan dala miliyan 250. Da Paranormal Activity ya zo hannunsa bai sake ba, ya riƙe shi har ya samu shiga sinima, daga nan ne kamfaninsa Blumhouse ya kama hanyar da aka san shi da ita. Tsarin bashi da wuyar faɗa. Sabon labari ba a kashe masa fiye da 'yan miliyoyi, shekaru da dama iyakar tana wajen dala miliyan 5. Darakta da manyan jarumai ba a basu kuɗi mai yawa a gaba, mafi ƙarancin abin da ƙungiyar ma'aikata ta yarda dashi ake basu, sauran rabonsu sai fim ya yi kasuwa. A madadin haka darakta yana da 'yancin yin fim ɗinsa yadda yake so ba mai tsaya masa a kai. Sannan abu mafi muhimmanci, wanda mutane suka fi mantawa, ba a yi wa kowane fim alƙawarin zuwa sinima tun farko, sai an gama shi an nuna wa 'yan kallo na gwaji an ga yadda suka karɓe shi, in ya kama su sai a zuba kuɗin talla, wanda sau da yawa yakan kai dala miliyan 20 ko 30 wato ya ninka kuɗin yin fim ɗin sau da dama, in kuma bai kama ba sai a sayar wa masu haska fim ta intanet ko talabijin a mayar da abin da ya samu a wuce gaba.

Kaga a nan mutumin bai ce ya san fim ɗin da zai ci kasuwa ba. Cewa yayi ban sani ba, kuma ba wanda ya sani, dan haka bari in sa kuskure ya yi araha. A 2015 sun saki Jem and the Holograms, sun kashe kamar dala miliyan 5, abin da ya dawo bai kai rabin haka ba, bayan sati biyu aka janye shi daga sinimomi. Abin kunya ne a jarida amma kamfani ko gezau. Ka kwatanta da John Carter da Disney suka yi a 2012 wanda suka bayyana asarar kusan dala miliyan 200 a kansa, ko Heaven's Gate na 1980 da ya ci dala miliyan 44 ya dawo da ƙasa da miliyan 4, har ya zama sanadin sayar da kamfanin da ya yi shi, United Artists, ga MGM a shekarar da ta biyo. Da kuɗin asarar John Carter kaɗai za ka yi fim 40 irin na Blumhouse, ko 35 sun faɗi biyar ɗin da suka rage zasu iya biyan kuɗin sabulu har da ƙari.

Masu jarin kasada, wato waɗanda sana'arsu ita ce zuba kuɗi a kamfanonin da basu tsaya da ƙafarsu ba, sun san wannan lissafin sarai, ai shine tushen sana'ar tasu. Wani bincike da Correlation Ventures suka yi a kan jari sama da dubu 21 da aka zuba a Amurka tsakanin 2004 da 2013 ya nuna kusan kashi 65 cikin ɗari ko uwar kuɗin basu dawo da ita ba, ribar gaba ɗaya daga 'yan tsiraru take fitowa. To in dai haka ne, tambayar da ya kamata kowane mai zuba jari ya fara yi wa kansa ba wai wanne ne zai yi nasara ba, nawa nake biya a kan kowane wanda zai faɗi, tunda sune mafi yawa.

Amma araha ba wai don rage asara bane kawai, kuma nan ne wurin da nafi so mu tsaya. Arahar ce take sayo 'yanci. Duba Get Out na 2017, Jordan Peele a lokacin ɗan barkwanci aka san shi, bai taɓa ba da umarnin fim ba, ya zo da labarin ban tsoro a kan wariyar launin fata a Amurka, ba shahararren jarumi, ba littafi ko wasan yara da aka riga aka sani da za a jingina dashi. Babu wani shugaban kamfanin fim mai tsoron kujerarsa da zai sa dala miliyan 100 a wannan, kuma gaskiyarsa ne, in ya faɗi me zai ce wa masu hannun jari. Amma a dala miliyan 4.5 ana iya cewa je ka gwada. Aka ɗauke shi cikin kwana 23, ya tara kusan dala miliyan 255, ya kuma ci kyautar Oscar ta rubutun labari. Idan ka kashe dala miliyan 200 a fim to dole kowa da kowa ya so shi, yaro da babba, na Amurka da na Chaina, kuma abin da kowa zai so shine abin da aka riga aka saba dashi, shi yasa manyan fina-finan Holiwud suka koma kashi na biyu da na uku da na bakwai na abu ɗaya. Babban kuɗi yana sa mutum tsoro, tsoro kuma yana sa shi kwaikwayo.

Haka abin yake a kamfani sak. Wanda ya karɓi dala dubu 200 zai iya cewa ni likitocin haƙori kawai nake wa manhaja, ko masu gyaran babura, ya zauna da kwastomominsa 50 ya san su ciki da bai, in ya ga hanyar ba ta ɓullewa ya juya cikin sati biyu ba wanda zai tuhume shi. Wanda ya karɓi dala miliyan 100 bashi da wannan damar, ya riga ya sayar da labarin cewa zai mamaye duniya, an yi wa kamfanin ƙima a kan wannan labarin, ya ɗauki ma'aikata 300 saboda labarin, to ranar da ya gano labarin ba haka yake ba wallahi juyawa sai ta fi ƙarfinsa, sai ya cigaba da tafiya a kan hanyar da shi kansa ya san ba ta kaiwa. WeWork an yi masa ƙimar dala biliyan 47 a farkon 2019 da kuɗin SoftBank, wani babban kamfanin zuba jari na Japan, alhali WeWork ɗin ainihin aikinsa shine ya kama hayar gini na dogon lokaci ya yanka shi ya bayar haya na gajeren lokaci, sana'a ce mai kyau in an yi ta daidai girmanta, amma kuɗin da aka ɗura masa ya tilasta masa ya zama abin da ba shi ba, a ƙarshen 2023 ya shigar da takardar karyewar arziki.

Sai maganar jeri, wato me ake fara kashe wa kuɗi me ake bari sai daga baya. Blumhouse ƙaramin kuɗi suke fara sakawa su samu abin da ido zai gani, babban kuɗin sai bayan hujja ta bayyana. Quibi sun yi akasin haka daga farko har ƙarshe, sun sayi shirye-shirye masu tsada daga manyan taurari, wasu har dala dubu 100 a kowane minti ɗaya, sun sa talla a Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, tun kafin su buɗe, duk a kan zato guda ɗaya da ba a gwada ba, cewa mutane zasu biya kuɗin wata-wata su kalli bidiyon minti goma a waya alhali ga YouTube da TikTok kyauta. Da suka buɗe ma ba a iya haska shi a talabijin, ba a iya ɗaukar hoton allo a tura wa aboki, abubuwan da da an ba mutum dubu ɗaya su gwada na wata guda da sun faɗa tun a satin farko. Wasu suna cewa korona ce ta kashe shi tunda an yi shi ne don masu kallo a kan hanya sai kowa ya zauna a gida, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ai a wannan lokacin ne TikTok ya ƙara bunƙasa a wayoyin mutanen da ke zaune a gidan. Zaton da za a iya gwadawa da dala miliyan 5 aka gwada da biliyan 1.75.

Ta ɓangaren mai kafa kamfani kuma, wanda nafi so ya kalla shine daraktan fim Robert Rodriguez. El Mariachi da ya fita a 1992 da kusan dala dubu 7 ya yi shi, wani ɓangare na kuɗin ma ya same shi ne ta hanyar ba da jikinsa a yi gwajin magani. Abin da ya yi da ya bambanta shi da sauran shine bai rubuta labarin da yake mafarki ba sannan ya fita neman kuɗin yinsa, sai da ya fara lissafa abin da ke hannunsa, akwai wani gari a bakin iyakar Meziko da abokinsa ya sani, akwai mashaya da za a basu aro, akwai bas, akwai akwatin jita, akwai kunkuru, sai ya rubuta labarin da zai ci waɗannan abubuwan. Keken guragu ya hau ana tura shi a maimakon abin gungura kamara. Kuma ba sinima ya nufa ba, kasuwar kaset ta masu jin Sifaniyanci ya nufa, yana lissafin in ya sayar ya samu na yin na biyu ya ƙara koyo. Columbia, babban kamfanin fim, ita ce ta gani ta saya, ta kashe kuɗin da ya ninka nasa sau da yawa wajen gyara sauti da hoto kafin ta sake shi, wanda shima wannan ya kamata a riƙa faɗa duk lokacin da aka ambaci dala dubu 7 ɗin.

A 1999 Nick Swinmurn yana son sanin ko mutane zasu sayi takalmi ta intanet ba tare da sun gwada a ƙafa ba. Bai gina sito ba, shagunan takalma ya riƙa shiga yana ɗaukar hoto yana sawa a shafinsa, in an yi oda ya koma shagon ya saya ya aika. Ba riba yake nema ba a lokacin, amsa yake nema. Wannan ne ya zama Zappos da Amazon ta saya a 2009 a kan kusan dala biliyan 1.2. A wannan shekarar ta 1999 Webvan masu kai kayan cefane gida suka sa hannu a kwangilar dala biliyan 1 da kamfanin gine-gine na Bechtel don a gina musu manyan sito-sito a birane 26, a 2001 suka durƙushe. Ra'ayin Webvan ba shirme bane fa, yau ga shi ana kai cefane gida a ko'ina, sun dai gina sinima ne tun kafin su san ko akwai fim.

Akwai kuma dabarar gajeren fim. Damien Chazelle ya rubuta Whiplash ya rasa mai ba shi kuɗi, labarin makaɗin ganga da malaminsa mugu waye zai saya a takarda, sai aka ciro fage ɗaya daga ciki aka ɗauke shi a matsayin gajeren fim na minti 18, ya ci kyauta a Sundance a 2013, da wannan aka samu dala miliyan 3.3 na yin cikakken, wanda ya zo ya ci Oscar uku. Drew Houston na Dropbox, manhajar adana fayiloli a intanet, shi ma bidiyo ya yi na 'yan mintuna yana nuna yadda abin zai yi aiki, jerin masu jira ya tashi daga dubu 5 zuwa dubu 75 cikin dare ɗaya. Gani ya kori ji. Mai zuba jari da aka ba shi shafi 30 na hasashen ribar shekara biyar da wanda aka nuna masa minti uku na abu mai motsi ba ɗaya suke ba.

Yanzu bari mu zo wurin da nake ganin ana yawan rufa-rufa, wato rabon riba. Duk wannan tsarin ya tsaya ne a kan cewa mutane sun yarda su karɓi kaɗan yau saboda alƙawarin mai yawa gobe, jarumi ya rage kuɗinsa, injiniya ya bar albashi mai tsoka ya karɓi hannun jari a kamfanin da bai kai shekara ba. Idan alƙawarin gaskiya ne to adalci ne, kowa ya ɗauki kasada kowa ya ci riba. Idan kuma ba gaskiya bane to sunansa ci da gumin wani, ko da wane irin suna aka yi masa ado. 'Yan wasa ukun da suka yi Blair Witch, waɗanda su suka riƙe kamarar da kansu a daji suka ƙirƙiri yawancin maganganun, a 2024 sai da suka fito fili suna neman Lionsgate, kamfanin da ya mallaki fim ɗin, ya biya su haƙƙinsu, shekara 25 bayan fim ɗin ya tara waɗancan miliyoyin, kuma abin da ya tayar da maganar shine sanarwar cewa za a sake sabon Blair Witch tare da Blumhouse ɗin nan dai da nake yabo. A Holiwud akwai salon lissafi da ake zaftare kuɗin rarrabawa da na talla da ruwan bashi har fim ya zama bai ci riba ba a takarda, wata takarda da ta fita a 2010 ta nuna Harry Potter na biyar, wanda ya tara sama da dala miliyan 900, wai yana kan asarar miliyan 167. Duk wanda rabonsa yake cikin "ribar ƙarshe" sai ya jira har abada.

Kamfanoni masu tasowa suna da nasu irin wannan. Masu zuba jari galibi suna sa sharaɗin cewa in an sayar da kamfani su za a fara biya kuɗinsu, wani lokaci har ninki, kafin ragowar ya gangaro kan masu kafawa da ma'aikata. FanDuel, kamfanin gasar wasanni ta intanet da aka kafa a Edinbura, lokacin da aka haɗe shi da kamfanin caca na Paddy Power Betfair a 2018 an yi masa ƙimar dala miliyan 465, amma abin da masu jarin suke da haƙƙin fara ɗauka ya haura haka, waɗanda suka kafa kamfanin suka tashi ba ko kwabo. Kaga duk dalar da ka karɓa a sama tana ƙara tsawon layin mutanen da ke gabanka ranar rabo. Kamfanin da ya karɓi miliyan 2 aka saye shi miliyan 30 ya canza rayuwar duk wanda ke ciki, wanda ya karɓi miliyan 200 aka saye shi miliyan 150 ma'aikatansa hannu rabbana zasu tafi, kuma a jarida na biyun ne zai fi kama da nasara. Dan haka duk wanda za a ce ya rage albashi saboda rabo, ya nemi a ɗaura rabon a kan lambar da kowa ke iya gani, kamar yadda jarumi mai wayo yake ɗaura nasa a kan kuɗin tikitin da aka sanar ba a kan ribar da akanta zai lissafa a ɗaki ba, ya kuma tambaya ƙarara mutum nawa ne a gabana kuma nawa zasu ɗauka.

Toh in tsarin yana da kyau haka me ya hana masu jari bin sa? Ba rashin sani bane, yadda ake biyansu ne. Asusun jarin kasada yawanci yana cirar kashi 2 cikin ɗari duk shekara kuɗin gudanarwa, da kashi 20 na riba. Asusun dala miliyan 50 kenan miliyan 1 a shekara, na biliyan 1 kuma miliyan 20 a shekara ko an ci riba ko ba a ci ba, to wanne kake ganin mutum zai so ya tara. In kuma ya tara biliyan ɗin dole ya kashe shi cikin 'yan shekaru, ba zai iya raba shi dubu ɗari biyar-biyar ba domin sai ya nemo kamfani dubu biyu, kuma lokacin da ake ɓatawa a binciken ƙaramin kamfani kusan ɗaya ne da na babba, sai ya gwammace ya rubuta manyan cak guda 30. Daga nan sai ka ga ana lallashin mai kamfanin da miliyan 3 yake buƙata ya karɓi 15. Wannan ya yi ƙamari a 2021 lokacin da kuɗin ruwa a Amurka yake kusan sifili, jarin da aka zuba a irin waɗannan kamfanoni a duniya ya haura dala biliyan 600 a shekara ɗaya, da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a 2022 sai sallamar ma'aikata ta biyo baya. Manyan kamfanonin fim ma ciwonsu kenan, suna da ma'aikata da ofisoshi a duniya da ƙaramin fim ba zai iya ɗaukar nauyinsu ba.

Wanda ya fi kusa da tsarin Blum a duniyar fasaha shine Y Combinator, kamfanin da ke rainon sabbin kamfanoni da ɗan ƙaramin jari, musamman a farkonsa. Sun fara a 2005 suna ba ƙananan ƙungiyoyi 'yan dubban daloli da wata uku, a ƙarshe kowa ya fito ya nuna abin da ya gina, manyan masu kuɗi su zaɓa. Airbnb, masu haɗa matafiya da masu ba da hayar masauki ta intanet, dala dubu 20 suka karɓa a 2009 a kan kashi 6 na kamfanin. Kuma akwai wata riba da ba ta fitowa a lissafin fim ɗaya ko kamfani ɗaya, ita ce mutanen da ake horarwa. Roger Corman, wanda ya rasu a 2024, ya shafe rayuwarsa yana yin fina-finai masu arha cikin 'yan kwanaki, a hannunsa Francis Ford Coppola da Martin Scorsese da Ron Howard da James Cameron suka samu damar farko ko ta kusa da farko. Wanda ya ba mutum damar faɗuwa da arha yakan zama shi ake fara kira ranar da mutumin ya zo da babban abu.

Sai dai kar mu ja kwatancen ya wuce inda ya tsaya, domin akwai wuraren da yake tsinkewa. Fim ana gama shi, ranar da aka kammala tacewa kashe kuɗin yi ya ƙare, kamfani kuwa ba ranar gamawa, nasara ma ƙarin kuɗi take ci, kwastoma ya ƙaru sai sabar kwamfuta ta ƙaru ma'aikata su ƙaru. Fim ɗin da bai yi kyau ba yana da ɗan abin da za a sayar, ko Quibi sai da Roku, masu na'urar haska bidiyon intanet a talabijin, ta sayi shirye-shiryensa a ƙasa da dala miliyan 100, amma manhajar da ba mai amfani da ita kusan ba ta da mai saye. Sannan Blum ya zaɓi fim ɗin ban tsoro ne da saninsa, nau'i ne da yake da 'yan kallo masu zuwa ko ba tauraro, kuma duhu da ɗaki ɗaya da ƙarar ƙofa basa cin kuɗi, ba kowace kasuwa ce take da wannan sauƙin ba. Mai haɗa sabon magani ko masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta ko roka ba zai yi gwajin dala dubu 15 ba, shi abin da zai ɗauka a nan shine ya yanka tafiyar gida-gida, kowane mataki da tambayar da zai amsa kafin a saki kuɗin na gaba.

Babban abin da ake mantawa kuma shine hanyar kaiwa ga jama'a. Blumhouse sun sa hannu a yarjejeniyar shekara goma da babban kamfanin fim na Universal a 2014, wato duk fim ɗin da ya ci gwaji akwai babbar na'ura a shirye da zata kai shi dubban sinimomi ta cika gari da talla. Ba dan wannan ba da arahar bata isa ba. Mai ƙaramin kamfani da ya gina abu mai kyau da kuɗi kaɗan yana nan a matsayin daraktan da ya gama fim yana yawo dashi a jaka, hanyoyin da ke gabansa kuma na wasu ne, shagon manhaja na Apple ko Google da ke cirar har kashi 30 a wasu cinikayyar, ko tallan Facebook da farashinsa ke hawa duk lokacin da masu gasa suka ƙaru. Yau da kayan aikin ƙirƙirarriyar basira suka sa gina manhaja ya ƙara araha, kamar yadda kamarar dijital ta yi wa fim, abin da zai biyo baya shine abin da ya faru a fim ɗin, masu yi zasu yi yawa, idon mai kallo ya zama shine mai tsada. Mai jarin da yake son ya zama Blum ba ƙaramin cak kawai zai rubuta ba, sai ya zama yana da ƙofar da zai buɗe wa wanda ya ci gwaji, in ba haka ba ya tara fina-finai ne a kabad.

Kuma ko su Blumhouse ɗin riƙe ƙa'idar bai zo musu da sauƙi ba bayan sun yi suna. A 2021 Universal ta biya kusan dala miliyan 400 don samun damar yin sabbin fina-finai uku na tsohon fim ɗin ban tsoro The Exorcist tare dasu, wato an saka babban kuɗin a gaba, an yi alƙawarin uku tun ba a ga ɗaya ba, daidai abin da tsarin nasu ya ginu a kan gujewa. Na farkon ya fita a 2023 ya tara kusan dala miliyan 137, kuɗin da in a tsohon tsarinsu ne da an yi murna dashi sosai, amma a kan miliyan 400 bai isa ba, daraktan ya bar aikin, aka ajiye shirin ukun aka koma neman sabuwar hanya da wani daraktan.